Wasiƙar Mai Takaba: Bitar Littafin Mariyama Ba

Wata huɗu da kwana goma mace take yi a ɗaka idan mijinta ya rasu. Kwanakin farko gida cike yake da 'yan gaisuwa, ana shiga ana fita, ana girki ana rabo. Da an yi sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, a bar mai takaba da tabarmarta da carbinta da tunaninta. A cikin wannan zama ne marubuciyar ƙasar Senegal, Mariyama Ba, ta ajiye tauraruwar labarinta, ta miƙa mata alƙalami da littafin rubutu, ta bar ta ta yi wa aminiyarta magana. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Une si longue lettre, wato wasiƙa mai tsawon gaske, wanda kamfanin Nouvelles Éditions Africaines ya buga da Faransanci a Dakar a 1979. Shekara ɗaya bayan fitowarsa ya zama littafi na farko da ya ci lambar yabo ta Noma, wadda a da ake bai wa littattafan da aka buga a Afirka. A 1981 Modupe Bode-Thomas ta fassara shi zuwa Ingilishi da sunan So Long a Letter, kuma da wannan suna mafi yawan masu karatu a Najeriya suka san shi. Bai kai shafi ɗari ba a wannan fassara, amma ba a gama shi a tashi yadda aka zauna.

An haifi Mariyama Ba a Dakar a 1929. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, kakanninta suka riƙe ta, mahaifinta kuma ya tsaya sai ta yi boko. Ta yi makarantar horar da malamai mata da ke Rufisque, ta fito a 1947, ta koyar tsawon shekara goma sha biyu kafin rashin lafiya ya raba ta da aji. Ta haifi 'ya'ya tara, ta kuma san zafin mutuwar aure. Tana da shekara hamsin littafinta na farko ya fito, a 1981 kuma Allah ya yi mata rasuwa, kafin na biyun, Un chant écarlate, ya shiga kasuwa. Wato mace ce da ta daɗe tana kallon duniya kafin ta buɗe baki, kuma ana jin wannan nauyi a rubutunta.

Mai rubuta wasiƙar ita ce Ramatulaye, malamar makaranta a Dakar, uwar 'ya'ya goma sha biyu. Mijinta Modu Fal ya yi karatun lauya a Faransa, ya yi aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, ya zama babban ma'aikacin gwamnati, sai bugun zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya. Auren soyayya suka yi, ba da son mahaifiyarta ba, wadda ta fi kwanta wa wani likita mai suna Dauda Diyeng. Bayan shekara ashirin da biyar suna tare, Modu ya auri Binetu, 'yar ajin babbar 'yarsa Daba kuma ƙawarta, ya tattara ya koma can. Shekara biyar Ramatulaye ta yi ita ba sakakkiya ba, ita ba mai miji ba, har ranar da aka kira ta asibiti ta tarar da gawa.

Wadda ake rubuta wa kuwa Aisatu ce, ƙawarta tun suna yara, 'yar maƙerin zinariya. Ita ta auri likita Maudo Ba, abokin Modu, ɗan gidan sarauta ta wajen uwa. Uwar mijin, Gwaggo Nabu, ba ta taɓa yafe wa ɗanta auren 'yar maƙera ba. Ta yi tattaki zuwa garinsu, ta ɗauko 'yar ɗan'uwanta, ta raine ta a hannunta, ta sa ta a makarantar ungozoma, da yarinya ta isa sai ta ce wa Maudo in bai aure ta ba kunya za ta kashe ta. Maudo ya bi umarnin uwa. Aisatu ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta bar gidan, ta koma karatu, ta zama tafinta, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Aminai biyu, ƙaddara iri ɗaya, ɗaya ta fita ɗaya ta zauna. Labarin ke nan a taƙaice, kuma duk wanda ya tashi a cikinmu zai ce ai babu sabon abu a ciki.

Sabon abin yana cikin yadda aka ba da shi. Ba da labari ta hanyar wasiƙu da littafin ajiyar sirri tsohuwar dabara ce. Samuel Richardson ya gina Pamela a 1740 a kan wasiƙun wata 'yar aiki zuwa ga iyayenta. Bram Stoker ya harhaɗa Dracula a 1897 daga wasiƙu da rubuce-rubucen yau da kullum da yankakkun jaridu. Ɗan Kamaru Ferdinand Oyono ya fitar da Une vie de boy a 1956 a matsayin littattafan rubutu da wani yaron Bature ya bari yana gab da mutuwa. Masu fim ma sun ɗauki dabarar, kamar The Blair Witch Project na 1999, wanda aka nuna shi a matsayin kaset ɗin da aka tsinta bayan wasu ɗalibai sun ɓace a daji. Galibin waɗannan ayyuka shaida suke nema. Suna ajiye maka takarda ko kaset a gaba don ka yarda abin ya faru. Mariyama Ba ba ta bukatar ta shawo kan kowa cewa ana yi wa mace kishiya da sa'ar 'yarta. Ta zaɓi wasiƙa ne don wani dalili daban: akwai maganar da mace mai kamun kai ba za ta faɗa a bainar jama'a ba, ba za ta faɗa wa 'ya'yanta ba, ba za ta faɗa wa mijin ba, sai dai aminiya. Wasiƙar ce ta ba mu damar jin wannan magana.

A duba ranar da aka zo mata da labarin auren. Da safe Modu ya fita, ya ce kada a jira shi cin abinci. Da magariba sai ga mutum uku cikin manyan riguna: yayansa Tamsir, da abokinsa Maudo, da limamin unguwa. Liman ya shiga kewaye-kewaye a kan ƙaddara da abin da Allah ya hukunta, har gaban Ramatulaye ya faɗi, ta zaci mutuwa ce. Sai aka ce mata ba mutuwa ba ce, aure ne, yanzu suka fito daga wurin ɗaurinsa. Abin da mutanen uku suka gani shi ne mace mai hankali, ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ce a gaida angon, ta raka su har ƙofa. Da mai ba da labari na waje ne, nan za mu tsaya, mu yaba haƙurinta mu wuce. Amma a wasiƙa muke, saboda haka muna jin abin da ke gudana a ƙirjinta a daidai lokacin da fuskarta take murmushi. Tana tuna yadda Modu ya shiga rage cin abinci don ya rage tumbi, da yadda yake daɗewa gaban madubi. Tana tuna yadda Binetu take zuwa gidan yin bitar karatu da Daba, Modu yana mayar da ita gida a mota. Tana tuna Daba ta taɓa ba ta labarin wani tsoho da ke saya wa ƙawarta tufafi yana son aurenta, ita da bakinta ta ce yarinya ta ƙi, ba ta san tsohon a ɗakinta yake kwana ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska ta ɓoye komai, takarda ce ta faɗa.

Haka ma zaman makoki da littafin ya buɗe da shi. Mai takaba ba ta da bakin magana, sai ido, kuma idon Ramatulaye babu abin da ya wuce shi. Ta ga dangin miji sun zaunar da ita da Binetu wuri ɗaya, sun tsefe musu kai, suna yabon su daidai wa daida, ba bambanci tsakanin mai shekara talatin a gidan da mai shekara biyar. Ta ga mata sun zo gaisuwa da gwala-gwalai, hira ta koma ta atamfa da farashin kasuwa. Ta ga ana shelar kuɗin gudunmawa ana rubutawa, kowa yana auna abin da ya taɓa bayarwa da abin da aka mayar masa, daga ƙarshe kuɗin ya zarce hannun dangi ya bar marayu. Da aka zo rabon gado sai asiri ya tonu. Modu bai bar komai ba sai bashi. Ya jinginar da gidan da suka gina da gumin su biyu, ya saya wa amarya da uwarta sabon gida, ya kai surukansa Makka, ya cire Binetu daga makaranta yana biyanta kuɗi duk wata. Marubuciyar ba ta ɗaga murya a waɗannan shafuka ba. Lissafi kawai take jerowa, abu bayan abu, irin na wadda ta saba riƙe kuɗin cefane, kuma lissafin ya fi kowane zagi zafi.

Mai karatu zai iya kawo ƙorafi a nan, kuma yana da hujja. Me zai sa Ramatulaye ta zauna tana ba Aisatu labarin auren Aisatu, da makircin Gwaggo Nabu, da yadda ta bar gidan Maudo? Ai mai abu ta fi kowa sanin abinta. Wannan ita ce tsohuwar matsalar labarin wasiƙa, dole marubuci ya sanar da mai karatu abin da wanda ake rubuta wa ya riga ya sani. Sai dai Mariyama Ba ta shirya wa wannan tun shafin farko, inda Ramatulaye ta nuna cewa amsar wasiƙar aminiyarta za ta zama littafin da za ta riƙa rubutu a ciki don ta sami abin dafawa. Wato rubutun rabi wasiƙa ne, rabi zance da kai. Idan ta maimaita labarin Aisatu, auna shi take yi da nata, tana tambayar kanta me ya sa waccan ta iya tafiya ita ta kasa. Kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin aminai ya san haka hirarsu take, “kin tuna” ce daga farko har ƙarshe, ba don ɗaya ta manta ba. Wasiƙar ma ba ta shiga gidan waya ba, domin a ƙarshen littafin Aisatu tana kan hanya, washegari za ta sauka Dakar.

Wani abin da ya nuna gwanintar ginin shi ne ƙananan wasiƙun da ke cikin babbar. Lokacin da Aisatu za ta bar Maudo ba ta tara dangi ba, ba ta yi hayaniya ba, takarda ta rubuta ta ajiye masa a kan gado, kuma Ramatulaye ta haddace abin da ke ciki. Bayan sadakar arba'in, Dauda Diyeng, wanda yanzu ɗan majalisa ne, ya dawo neman auren da ya rasa shekara talatin baya. Mutum ne mai mutunci, mai wadata, kuma har yanzu yana sonta. Ramatulaye ta amsa masa a rubuce, ta ba Farmata maroƙiya, maƙwabciyarta mai duba da wuri, ta kai masa. Farmata ta tafi da rawar jiki tana zaton albishir ta ɗauko. Abin da ke ciki kuwa shi ne tana ganin girmansa, amma girma ba so ba ne, kuma ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa ta ɗanɗana wa wata abin da aka ɗanɗana mata ba. A duniyar wannan littafi, maza suna yanke hukunci da baki a zaure, su aiko manzanni. Matan da suka yi makaranta kuwa sun sami wata hanya, takarda, wadda ba a katse ta, ba a yi mata tsawa, ba a ce ta yi haƙuri kafin ta kai aya.

Sau ɗaya Ramatulaye ta ajiye alƙalami ta yi amfani da harshe, shi ya sa wurin yake da ƙarfi. Ranar sadakar arba'in, Tamsir ya shigo ɗakinta tare da liman da Maudo, mutum ukun nan dai, ya sanar da ita cewa idan ta fita takaba shi zai aure ta. Bai tambaye ta ba, sanarwa ya yi. A nan ne shirun shekara talatin ya fashe. Ta tuna masa cewa matansa uku ne suke ciyar da gidansa da rini da ɗinki da sayar da 'ya'yan itace, ta ce ita ba kaya ba ce da za a miƙa daga hannu zuwa hannu. Da ba mu yi shafuka muna zaune a cikin shirunta ba, da wannan magana ta zama rashin kunya kawai. Da yake mun san abin da ta haɗiye, sai muka ji ta a matsayin hakkin da ya daɗe bai fito ba.

Akwai masu ɗaukar littafin a matsayin yaƙi da addini ko da auren mace fiye da ɗaya. Wanda ya karanta shi da natsuwa ba zai faɗi haka ba. Ramatulaye mai sallah ce, mai carbi, ta yi takabarta cikakkiya, tana yi wa mijin da ya wulaƙanta ta addu'a. Ta faɗa da kanta cewa ta shirya zuciyarta ga rabon kwana yadda shari'a ta tsara, Modu ne bai sake taka gidan ba. Abin da take ƙara a kai shi ne cin amana da rashin adalci, da yadda ake ɗaukar abin da addini ya halatta a yar da sharuɗɗan da ya gindaya. Mafi taɓa zuciya a littafin su ne ƙananan abubuwan zaman yasasshiya: ita ce biyan kuɗin wuta da ruwa, ita ce neman mai gyaran ƙofa, rediyo ne abokin hirarta da dare, ta koyi shiga silima ita kaɗai mutane suna kallonta. Da Aisatu ta ji yadda take fama da motar haya ita da yara, sai ta biya kuɗin sabuwar mota ƙirar Fiat ta ce ta je ta zaɓi launi. Ramatulaye ta koyi tuƙi a tsorace, ta kuma ci jarrabawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a littafin nan aminci ya yi abin da aure ya kasa.

Kashi na ƙarshe ya juya ga 'ya'ya, inda uwar da ta yi boko ta gamu da zamanin da ya wuce saninta. Ta kama 'yan matanta uku suna shan taba a ɗaki. Sai kuma babbar jarrabawa, 'yarta mai sunan Aisatu ta yi ciki tana makaranta, da wani ɗalibin jami'a mai suna Ibrahima Sal. Farmata tana jiran ta ga duka da kora. Ramatulaye ta yi fushi, ta ji kunya, sannan ta tuna cewa uwa ce, ta rungume 'yarta, ta kira yaron aka zauna aka tsara yadda karatu ba zai tsaya ba. Marubuciyar ba ta wanke laifin ba, ta dai nuna cewa wadda aka taɓa yasarwa ba za ta yasar da nata ba.

Mai karatun Hausa zai tuna da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, inda Alhaji Abdu ya yi sabon aure, Rabi ta tsinci kanta a waje da 'ya'ya tara tana sayar da abinci. Ciwon ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta. Balaraba ta tsaya a tsakar gida tana nuna mana kowa, ta bar alhaki ya bi mai shi a idon jama'a. Mariyama ta shige cikin ƙirjin mace ɗaya ta rufo ƙofa. A wajenta babu ranar da Modu zai dawo yana neman gafara, domin ya mutu tun shafin farko. Abin da ya rage shi ne yadda wadda aka bari za ta fahimci rayuwarta, ta kuma ci gaba. Karanta littattafan biyu a jere darasi ne babba ga duk mai son sanin abin da zaɓin murya yake yi wa labari.

Wannan zaɓi yana da farashinsa, kuma littafin ya biya. Murya ɗaya muke ji daga farko har ƙarshe. Binetu, yarinyar da aka yanke wa karatu aka miƙa wa sa'an ubanta, ba ta sami shafi ɗaya ta faɗi nata ba, duk da cewa Ramatulaye tana tausaya mata, tana ganinta a matsayin wadda aka yi hadaya da ita. Uwar Binetu kuwa ta fito a matsayin mai kwaɗayi kawai, kuma a yadda ake kwatanta ta ana jin ƙyamar 'yar boko mai albashi ga matar da talauci ya gasa. Makarantar Turawan mulkin mallaka da shugabarta Baturiya sun sha yabo ba tare da an tambayi abin da suka raba yaran da shi ba. A wasu wurare, musamman hirarta da Dauda a kan siyasa, inda take ƙorafin mata huɗu kacal a cikin 'yan majalisa ɗari, wasiƙar tana komawa lacca. Amma ko waɗannan suna da amfaninsu, domin sun sa Ramatulaye ta zama mutum mai son zuciya da iyakar gani irin na kowa, kuma mai karatu mai lura zai ga abin da ita ba ta gani ba. Wasiƙa ba ta alkawarin gaskiyar kowa, gaskiyar mai rubuta ta kawai take ɗauke da ita.

A 2002, a ƙarƙashin shirin masu bikin baje kolin littattafai na Zimbabuwe, an sa wannan littafi cikin goma sha biyu na sahun gaba a jerin littattafan Afirka ɗari mafiya daraja na ƙarni na ashirin. Ya cancanci wannan matsayi. Ƙaramin littafi ne da ya san abin da yake son faɗa, ya kuma samo hanyar da ta fi dacewa da faɗarsa. Ina kira ga marubutanmu, musamman mata masu rubuta labaran zaman aure, su karanta shi da idon mai koyon sana'a, su ga yadda ake barin mutum ɗaya ya yi magana har a ji gari guda a bakinsa. Maza kuma su karanta shi kafin su aika a sanar da uwargida cewa an ɗaura, domin su san abin da ke bayan murmushin da za a tarbi manzanninsu da shi.